Kwabon da Ke Riƙe da Rufin Baba

Mahaifinmu bai yarda da kafinta ba. Da zai rufe ɗakinsa da kwano a ƙauyenmu na wajen Kurugu, kowace ƙusa sai da ya zura mata tsohon kwabo mai huji a wuya, don kada iska ta fizge kwanon. Lokacin kwabon ya daina ci. Bayan rasuwarsa ɗakin ya zama wurin ajiyar irin gyaɗarmu, ni da yayana.

Wata shekara, dab da faɗuwar damina, Yaya ya dawo daga kasuwar Karaye bakinsa bai rufuwa. Ya ce ya haɗu da wani mai sayen tsofaffin kuɗi daga birni. Abin da mutumin ke nema kwabon da inji ya yi kuskure wajen buga shi, wanda hujinsa ya kauce daga tsakiya. Guda ɗaya, in ji Yaya, ya isa sayen babur.

"Kama min tsani," ya ce.

"Yaya, dubi gabas. Hadari ne."

"Wannan na mutanen Rogo ne. Kama."

Yayana ne, na kama. Ya yini a sama yana zare ƙusoshin ɓarin gabas yana jefo min kwabo, ina tarawa a hula. Da yawansu hujin a karkace yake. Yaya ya fara shawarar launin babur.

Ranar kasuwa muka tarar da mutumin kan tabarma, ya maƙala gilashin masu gyaran agogo a ido ɗaya. Muka gaisa har ya tambayi shanun da ba mu da su. Ya ɗauki kwabo guda, ya juya bayansa.

"Malam, miƙo yatsanka. Shafa nan."

Yaya ya shafa, ya janye da sauri.

"Ka ji kaifi? Ƙusa ce ta tura ƙarfen waje. Hujin inji zagaye yake, bakinsa sumul, ko da ya kauce. Naka a tsakiya aka yi shi daidai, daga baya aka yage shi. Ga ma sawun guduma a kan rubutun. Wa ya yi masa wannan duka?"

"Mahaifinmu."

"Allah ya jiƙansa. Yana da ƙarfi."

Yaya ya tura masa wani. "Wannan fa? Haka Bature ya yi shi."

"In Bature ya taɓa hawa rufinku, to."

Haka ya bi su har hular ta ƙare. Ya ce zai saya a kilo, kamar gwangwan. Yaya ya kwashe kayansa.

Muna hanya ruwa ya sauko, da iska. Da muka isa gida, kwanon ɓarin gabas yana cikin gonar maƙwabci, buhunan iri suna zaune cikin ruwa. Muka shanya, rana ta ƙi fitowa. Wanda bai yi tsiro a buhu ba ya yi fumfuna. Shekarar nan gero kawai muka shuka.

Muna mayar da kwanon, na ga Yaya ya tsaya yana leƙen ɗaya ɓarin.

"Ka san na yamma ba mu duba su ba," ya ce.

Na ɗauko tabarmata da sandata na koma kwana a ɗakin.