Baƙin Allon Yaya Nasiru, Bayan Shekara Shida

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Nasiru, mai gyaran kwamfuta a bakin tashar Talata Mafara. Har yau idan na ga baƙin allon nan da ake buga wa kwamfuta umarni a kai, shi nake tunawa. Kowa na danna hotuna da linzami, shi kuwa sai rubutu, har muna tsokanarsa da cewa da aljanu yake hira.

Ya so ya koya mini, ni kuma kaina kamar dutse. Abin da ya zauna mini kaɗan ne. Ka buga pwd ka san inda kake, ka buga ls ka ga abin da ke wurin, cd kuma ya kai ka wata folda. Wanda ya fi nanatawa shi ne cp, na kwafe fayil. Yakan ce, “Ƙane, kada ka gyara fayil sai ka kwafe shi tukuna. Hannunka ba abin yarda ba ne.”

Yau da mutum zai yi wa waya magana ta rubuta masa, ina mamakin me zai ce. Zai yi murna, ko zai ce mun zama malalata? Ina jin sai ya kwana uku yana tono cikinta don ya ga yadda take yi. Haka yake.

Akwai lokacin da ya riƙa hawa babur zuwa Faru da Damaga yana ɗaukar muryoyin tsofaffin mata, waƙoƙin daka da na niƙa, yana ajiyewa a ma'ajiyar intanet da ake kira gajimare. Ban damu da su ba sai bana, da Inna, mahaifiyarmu, idonta ya tafi. A gidanta na Bakura ta kama hannuna ta ce hoto ya daina yi mata amfani, muryarsa ma ta fara ɓace mata. Wannan magana ta tsaya mini a rai.

Kalmar sirrinsa ta tafi tare da shi. Amma tsohuwar kwamfutarsa tana haɗe da ma'ajiyar, ta baƙin allon kawai. Matsalar ita ce faifan da take sauke muryoyin a kai ya mutu, sai an gyara layi ɗaya a fayil ɗin saiti an nuna mata sabon wuri. Na kwafe shi, na buɗe da nano, manhajar gyara rubutu, na kuma ɓata shi sarai. Na dawo da kwafin, na sake a hankali. Da na buga ls, sai ga sunayen ƙauyuka sun jeru.

Na kai wa Inna, na kunna mata muryar wata tsohuwar Damaga tana waƙar daka. Muryar Yaya ba ta da yawa a ciki: gaisuwa, tambaya ɗaya, sai dariya daga baya. Na ji kunya, na fara ba ta haƙuri. Ta ɗaga mini hannu, ta ce in mayar baya. Ta kasa kunne, ba ga waƙar ba.

“Wanga yaro mura garai,” in ji ta. “Kuma bai gaya man ba.”

Allah ya jiƙan Yaya Nasiru, ya sa ya huta.