Zakaran da Na Ƙi Yankawa

Gara in faɗa tun farko cewa ban gama yarda da abin da nake tunawa ba. Shekaru sun ja, kuma na lura duk sa'ad da na ba da wannan labari da baki sai in ɗan gyara wa kaina zama a cikinsa. Maganganun da zan kawo ma'anarsu na riƙe, lafazin wataƙila nawa ne. Abin da ba na shakka a kansa shi ne zakaran. Ja ne, mai baƙar wutsiya.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula na dawo gida Gyadi-Gyadi daga bautar ƙasa, da takardar digiri a jaka, babu aiki. Baba ya rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a, gida ya rage daga ni sai Inna. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Malama, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna da ke koyarwa a wata firamare a Tarauni. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya kuma tana karatu a wani gari. A gabanta aka haife ni.

Akwai wata al'ada tsakanin gidajen nan biyu da na tashi na tarar. Duk safiyar Kirsimeti Malama takan zo ƙofarmu da zakara a hammata, Baba ya fito da wuƙarsa, ya tsuguna a bakin kwata, ya fuskanci alƙibla ya yanka ya miƙa mata. Tana yin haka ne don in ta aika da abinci gidajen layin kowa ya ci hankalinsa kwance. Da Babbar Sallah kuma cinyar ragonmu gidanta take zuwa. Ban taɓa jin wani ya kira wannan da wani suna ba.

Sai wani abu da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Duk Asabar Malama tana wanki tana rera waƙoƙin cocinsu da Hausa, muryar tana tsallako katanga. Da na fara rubuta waƙa a jami'a, sai na gane cewa baitocina a kan karin waƙoƙin nan suke zama. Ko na canja ƙafiya, ko na ƙara gaɓa, tafiyar dai tata ce.

Da na dawo na shiga wani majalisin karatu na samari a unguwa. Wanda yake jan mu muna ce masa Ustaz, bai fi ni da shekara biyar ba. Ba na so in zalunce shi a nan. Shi ya gyara mini karatun Alƙur'ani, shi ya sa muke zuwa duba marasa lafiya. Lokaci ne na zumuɗi, muna ganin tunda soja ya tafi yanzu za a tsayar da addini, cin hanci ya ƙare. Ni ne mai waƙar majalisin. Bayan karatu in miƙe in rera, a yi ta kabbara, ni kuma ina tsoron kada wani ya gane inda na samo karin.

Kirsimetin wannan shekara a cikin azumi ta faɗo, in ban ruɗe ba. Da hantsi na ji sallamar Malama.

"Mai digiri, fito. Aikin Babanka ya dawo kanka. Yau da naman nan za ku sha ruwa."

Na fito ba wuƙa. Na ce, "Malama, ki yi haƙuri, bana ba zan iya ba."

"Hannun ne ke ciwo?"

"A'a. An karantar da mu ne... akwai magana a kan taya bikin da ba namu ba. Ban ce haramun ne kai tsaye ba, amma dai gara mutum ya kiyaye."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Sannan ta ɗaga zakaran ta ce masa, "To kai ka tsira. Yi wa malam godiya." Ta juya.

Da ta so, mahauta suna nan a kasuwar Tarauni, ba nisa. Ba ta kai shi ba. Da magariba babu kwanon da ya shigo daga gidanta, kuma kwana biyu Inna ba ta ce mini komai ba sai "ga kununka". Zakaran kuwa ya ci gaba da rayuwarsa. Kullum kafin ladan ya kira assalatu shi yake tashe ni, daga kan katangar nan, daidai tagar ɗakina.

Bayan kamar wata biyu labarin tashin hankali ya zo daga wani gari, Musulmi da Kirista, an kashe mutane ta kowane ɓangare. Ba zan shiga wannan ba, ban gani da idona ba. Abin da na gani shi ne yadda layinmu ya sauya. A teburin mai shayi kowa yana da ɗan'uwan da aka ce an kashe. 'Yan acaɓa suna kawo jita-jita daga Unguwa Uku, kafin azahar ta zama wata daban. Wani ɗan kasuwa ɗan kudu da ke ƙarshen layi ya loda iyalinsa a bas, wani ma'aikaci ɗan Filato ya bi bayansa. Malama ta daina zuwa makaranta. Asabar ta zo, na ji motsin wanki, ban ji waƙa ba.

Ustaz ya same ni ya ce za a yi taro ranar Juma'a bayan la'asar a filin masallaci, don jajanta wa 'yan'uwa. "Muna son waƙa mai zafi, wadda za ta tayar da wanda yake barci. Da lasifika za ka rera." Na ce to, in sha Allahu, don ban iya ce masa a'a ba.

Kwana uku ina kan takarda. Ina jin zafin abin da ya faru har cikin raina, ba ƙarya nake yi ba. Amma duk baitin da na rubuta, in na rera shi a hankali, sai in ji muryar Malama a ƙarƙashinsa. Ga kuma wani lissafi da ya hana ni sakat: in jinin samari ya hau suka fito daga filin nan, ƙofar Kirista ta farko da za su tarar tata ce. Ban ce Ustaz yana nufin haka ba. Ina jin ko a ransa bai kawo ba. Amma taro ba a hannun mutum ɗaya yake tsayawa ba.

Ranar Alhamis da safe Inna ta naɗe tabarma, ta ɗauki farantin zogalen da take tsinka, ta shiga gidan Malama. Ba a jima ba mai kitson layinmu ta bi ta da mata biyu da take yi wa kitso. Wata ta kai tankaɗenta. Ban ji an yi shawara ba, in ma an yi ba a gabana ba. Dattawan da ke zama a gindin darbejiya, har da liman, su ma suka ja bencinsu zuwa jikin ƙofarta, wai rana ta fara damunsu a can. Duk wanda zai shiga gidan nan sai ya tsallake limamin masallacinmu, ya kuma tarar da iyayen mutane a tsakar gida.

Da yamma Inna ta ce mini, "Ƙanen Malama zai zo da mota gobe da la'asar ya ɗauke ta."

Na ce, "Ai ga ku nan kuna zaune da ita."

"Ta ce ba mu take tsoro ba. Ta ce in yaron da ta goya ya ƙi taɓa kazarta, to ba ta san wanda zai buɗe mata ƙofa ba ranar da aka biyo ta." Inna ta ci gaba da kaɗa miyarta. "Ni ban ba ta amsa ba. Ba ni na yi digiri ba."

Washegari bayan an sauko daga Juma'a na tsuguna gaban liman a bencin. Abokin Baba ne. Na fara zagaye-zagaye, na kawo abin da wannan ya ce da abin da wancan ya ce. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ni na wanke Babanka. Duk shekarun da yake yanka kazar nan ina cikin masu ci. Malamai suna saɓani a kan abubuwa da yawa, amma ban taɓa jin wanda ya yi saɓani a kan haƙƙin maƙwabci ba. Me kake so in ƙara maka?"

Na yi sallama na shiga. Kayan Malama a ɗaure suke a bakin ɗaki. Mai kitso tana ganina ta ce, "Ga ƙaramin ustaz! A rufe tukwane kada ya ga abin da zai karya masa alwala." Mata suka kwashe da dariya, ban da Malama.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Malama, ko zakaran nan yana nan?"

"Ba ka jin sa da asuba? Yana nan. Ya fi ka ƙiba."

"Na zo da wuƙar Baba."

"Yau ba Kirsimeti ba ce."

"Na sani."

Ta dubi kayanta, ta dubi Inna. "Ya tsufa fa. Naman irinsa ba ya nuna da wuri. In aka ɗora yanzu sai bayan magariba."

Inna ta ce, "To sai a jira shi."

Kama shi ma sai da ya ba ni kunya, na zagaya tsakar gida sau uku mata suna yi mini guɗa. Na fito da shi bakin kwata inda Baba yake tsugunawa. Ina taka fikafikansa sai ga Ustaz da mutum biyu daga majalisinmu sun zo nemana.

"Ina waƙar?"

"Ban rubuta ba, Ustaz. Na gwada, ta ƙi."

"Wannan kuma fa?"

"Na maƙwabciyarmu ne."

Na ga yana shirin magana, ni kuma ba ni da hujjar da zan iya tsayawa a kanta gabansa. Sai liman ya ce daga benci, "Ɗan matsa, malam, kana tare masa alƙibla." Ustaz ya matsa. Na yi bismillah na yanka.

Motar ta zo da la'asar kamar yadda aka ce. Ƙanen Malama ya tsaya a soro yana ta roƙonta da yarensu. Ta fito da ludayi a hannu ta ce masa da Hausa, yadda kowa zai ji, "Ba na tafiya in bar tukunya a kan wuta. Ka dawo Lahadi." Da ya dawo Lahadi ta ce sai wani mako. Kayan sun kai wata guda a ɗaure kafin ta kwance su. A gidan ta zauna har ta yi ritaya.

An yi taron ba waƙa, aka yi addu'a aka watse. Ba zan ce rashin waƙata ne ya sa layinmu ya kwana lafiya ba, wataƙila ko da na rera babu abin da zai faru. Matan nan da dattawan benci su suka yi aikin, ni a ƙarshe na zo. Ban bar salla ba, ban bar karatu ba, majalisin ne na riƙa ja da baya daga gare shi a hankali. Har yau muna gaisawa da Ustaz. Kuma har yau wani lokaci nakan tambayi kaina ko imani ne ya fitar da ni da wuƙar nan ko kunyar Inna. Ban san amsar ba.

Daga baya na rubuta waƙa a kan wannan mako, ban kai ta ko'ina ba. Inna da Malama kawai na rera wa. Ban kai baiti na uku ba Malama ta ɗaga hannu. "Tsaya. Wannan karin na san shi. Ɓarawo! Ashe shekara da shekaru wankina kake saurare."

Inna ta rasu, liman ma haka. Amma akwai waɗanda suka zauna a tsakar gidan nan ko a kan bencin nan da suke raye. In ɗayanku ya karanta wannan ya ga na sauya rana, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba, ko na rage wa kaina laifi, don Allah ya aiko mini in gyara. Musamman Malama, in wannan ya isa inda take.