Malam Jumare Mai Tsohuwar Fijo

Da an sallame sallar asuba a masallacin layinmu da ke Agege, sauran mutane kan tsaya gaisawa, shi kuwa Malam Jumare garejinsa yake nufa. Ya yaye tamfol ɗin da ya lulluɓe motarsa, ya ninke, ya ɗaga bonet. Ya duba ruwa da baƙin mai, ya zaga yana taɓa tayoyi da ƙafa. Sannan ya tada ta, ya karkata kai yana sauraren inji. In ya gamsu sai ya goge ta da tsumma, ya rataye makullin a wata ƙusa da ke bakin ƙofa, ya shiga gyaran motocin mutane.

Motar Fijo ce 404 mai dogon baya, shuɗiya, giyarta a jikin sitiyari. Ta girmi yawancin masu shiga cikinta. Shekara talatin da 'yan kai ke nan da ya same ta a bayan gidan wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, tana kan duwatsu, babu taya ko ɗaya. Ya yi shekara biyu yana zirga-zirga a kasuwar Ladipo yana tsinto kayanta kafin ta yi tari ta tashi. Maƙwabtanmu Yarabawa Baba Onimoto suke ce masa, wato Baba mai mota.

Makullin nan na kowa ne. Duk mai lasisi a unguwa, in dai Malam Jumare ya taɓa zagayawa da shi ya ga hannunsa, yana iya ɗauka. Sharaɗinsa biyu: kada a sha taba a ciki, kada a yi tsere da motocin haya na danfo. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauko buhunan albasa daga kasuwar Mile 12, ta raka alhazai filin jirgi. Wani attajiri mai tara tsofaffin motoci ya zo daga Lekki har sau uku, yana so ya saye ta ya ajiye a ɗaki mai sanyi. Malam Jumare ya ba shi kujera da ruwa, ya saurare shi har ya gama, sannan ya gaya masa motar tana da aiki ranar Alhamis.

Aikin ranar Alhamis ɗin nan mahaifina ne.

Alhaji Audu haifaffen Agege ne, fataucin goro ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya haura tamanin sai mantuwa ta kama shi. Ni 'yarsa ta fari, yakan dube ni ya tambaya ko ni ce sabuwar 'yar haya. Ga ciwon suga da ya buɗe masa gyambo a ƙafa, wanda dole duk mako a kai shi a wanke. Sai ya daina yarda da mota. Ƙanena Misbahu ya kawo tasa sabuwa mai baƙin gilashi, Baba ya riƙe ƙyauren gida da hannu biyu yana kuka, wai za a sace shi. Mako uku bai je asibiti ba. Likita ya gaya mana in aka ƙara jinkiri, ƙafar za a yanke.

Ina zaune a ƙofar gida ina share hawaye Malam Jumare ya zo wucewa. Ya tambaye ni lafiya, na gaya masa. Ya yi addu'a ya wuce, na ɗauka shi ke nan. Washegari da hantsi sai ga ƙarar injin Fijo a ƙofarmu. Baba yana kishingiɗe a tsakar gida, ya ɗaga kai. Ya lalubi sandarsa ya miƙe da kansa, ya fita yana ɗingishi. Ya shafa bonet, ya leƙa ta taga ya shaƙi warin tsofaffin kujerun. Sannan ya dubi Malam Jumare ya ce, "Hadi, sai yanzu? Tun ɗazu nake jiranka."

Hadi ƙaninsa ne, direba, irin wannan motar yake ja, ya rasu tun ina firamare. Na buɗe baki zan gyara masa, Malam Jumare ya girgiza mini kai. Ya buɗe ƙofar gaba ya ce, "Yi haƙuri, Yaya, gosulo ne ya riƙe ni. Shiga mu tafi."

Shekara uku yana amsa sunan da ba nasa ba. Duk Alhamis ya rufe gareji, masu motoci su yi ta jira, wasu su yi fushi su tafi wani wuri. Baba yana gaba yana nuna masa hanyoyin da aka daɗe da toshewa, yana ce masa ya tsaya a shagunan da suka zama gidajen bene. In ya tambayi wani da ya mutu, Malam Jumare ba ya cewa yana nan lafiya. Cewa yake yana inda Allah ya ajiye shi. Ya taɓa gaya mini sunan Hadi kaɗai ya ara, ba ya so ya ƙara da ƙarya a kai.

Wata rana da damina motar ta mutu mana a cikin ruwa a hanyar Ikeja. Malam Jumare ya tuɓe rigarsa, ya shiga ruwan har gwiwa yana goge wayoyin inji. Baba ya zuge gilashi yana yi masa faɗa irin na wa da ƙani, wai tun suna yara ba ya jin magana. Malam Jumare na amsawa da "To, Yaya." Da motar ta tashi Baba ya tuntsire da dariya, irin wadda na yi fiye da shekara ban ji ba.

Saura wata guda ya rasu, muna dawowa daga asibiti muka tsaya jirgin ƙasa ya wuce. Ina baya. Baba ya daɗe yana kallon fuskar direban, can ya ce a hankali, "Na san Hadi ya mutu. Ni na yi masa wanka." Sai ya ɗora hannunsa a kan na Malam Jumare ya ce, "Amma ka ci gaba da zuwa, ka ji?"

"Zan zo, Yaya."

Ya kuwa zo har Alhamis ta ƙarshe. Mahaifina ya koma ga Allah da ƙafafunsa biyu. Ranar jana'iza aka kwantar da kujerun baya, wannan motar ce ta kai shi makwancinsa. Ina tsaye a zaure ina kallo har ta sha kwana.

Baba Jumare, kai ne ka mayar wa tsoho da ƙaninsa a lokacin da mu 'ya'yansa muka zama baƙi a idonsa. Kai ne ba ka taɓa ba da labarin nan a majalisa ba, har yau mutane da yawa a layinmu sun ɗauka haya muka yi. Na rubuta ne don su san ba haka ba ne.

Bara yanar ido ta rufe masa gani. An yi aiki, ɗaya ya washe kaɗan, ɗayan bai dawo ba. Wata safiya a wata mararraba bai ga wata mai tallan burodi ba sai da ta daki bonet da hannu. Babu abin da ya same ta. Ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya ba ta haƙuri da Yarabanci. Daga nan ya aika a kira masa Raliya, mai sayar da abinci a gaban garejinsa, wadda ya koya wa tuƙi bayan mijinta ya rasu, lokacin da mazan layi ke yi masa dariya. Ita ta mayar da shi gida. Tun daga ranar bai sake riƙe sitiyari ba, kuma ba wanda ya hana shi, shi ya hana kansa.

'Ya'yansa sun so a kira mutumin Lekki. Ya ce a'a, akwai wata tsohuwa a bayan masallaci da ake kai wa wankin ƙoda sau biyu a mako, kuma ba ta iya hawa acaɓa. Yanzu Raliya ke kai ta. Shi yana zaune a gefe da baƙin tabarau, yana sauraren inji. Wani lokaci a ji ya ce, "'Yata, tana neman giya ta uku."

Mun gode, Baba Jumare. Allah ya saka maka da alheri, ya haskaka maka gabanka, ya sa kai ma ka samu mai zuwa ƙofarka a ranar da kake bukata. Mu kuma, kowannenmu yana da wani abu da ya rufe a ɗaki yana tattali, alhali maƙwabcinsa shi yake nema. A fito da shi. In kuma kun haɗu da shuɗiyar Fijo tana tafiya a hankali a titin Agege, kada ku dame ta da ham. Ku matso ta tagar dama ku yi sallama, ku faɗi sunanku, don yanzu ba ya gane fuska sai murya.