Tseren da Aka Yi da Motar Agajinmu

Akwai wata Asabar da ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah, kuma tun da kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in ajiye makulli, ita zan ba ku. A shekarar da mutanen Mubi da Michika suka gudo daga 'yan bindiga suka cika Yola ne, lokacin da kusan kowane gida a Jimeta yake da baƙi har zaure. Ni ne babban direba a sashen sufuri na ofishinmu na agaji. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, a samanmu akwai jami'in sufuri, a samansa mataimakin darakta, sannan darakta. Direba shi yake riƙe da makulli, amma ba shi da ta cewa a kan inda mota za ta.

A watannin ne aka ba mu sabuwar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, mai shan gas, injinta da tobo. Tobo wata 'yar na'ura ce da hayaƙin inji yake juyawa, ita kuma ta riƙa cusa wa injin iska. Idan ta kama za ka ji wani siririn fito, sai motar ta zabura kamar an tsikare ta. Tana kuma da agzilari, wato giyar da take sa tayoyi huɗu su ja tare idan an shiga yashi ko taɓo. Ni aka damƙa wa ita, kuma ba zan ɓoye muku ba, na so motar nan. Sauran abin da muke da shi a lokacin wata tsohuwar bas ce da ba ta tashi sai an taru an tura ta.

Yawancin aikina kai abinci ne sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Amma a makon nan an ba ni aikin da ya fi wannan. Akwai wani ƙauye gaba da Hong inda aka tara waɗanda suka kasa gudu a makarantar firamare, tsofaffi da masu ciwo. Sojoji suka yarda za su raka motocin agaji ranar Lahadi da safe a kwaso su. Dokar rakiyar a fili take. Motar da suka san lambarta kaɗai take shiga jerin, kuma wadda ta lalace a hanya ba a tsaya mata. Motoci biyu suka amince da su, tamu da bas ɗin wani coci. Bas ɗin ta masu iya zama ce. Duk wanda sai an kwantar da shi, bayan motata ne wurinsa.

Cikin masu kwanciyar akwai wani tela mai suna Buba, wanda ya karye a cinya ranar gudu. Matarsa Hajara tana cikin masu girki a Malkohi. Ita ta ja shi har makarantar, shi kuma ya rantse mata sai ta tafi da yaransu. Duk ranar da na sauke buhuna sai ta taso daga bakin murhu tana goge hannu, ta ce, "Bappa, yaushe?" don haka take kirana, kamar baffanta. Na sha ce mata sai an ba mu rana. Ranar Juma'ar nan kuwa na ce mata jibi, in Allah ya yarda. Ta ce, "Za ka gane shi, dogo ne, ba ya son a ɗaga shi, sai ka yi masa faɗa."

Al'adarmu ce mu yi lodi tun ana gobe tafiya, domin rakiya ba ta jiran mai ɗaure igiya. Da safiyar Asabar muka loda buhunan shinkafa da jarkokin ruwa da na gas, muka ɗora tabarmi da katifu a sama. Ishaya makanikenmu, mutumin wajen Numan, ya shiga ƙarƙashinta ya duba komai, ya fito ya ce lafiyarta ƙalau.

Bayan azahar mataimakin darakta ya kira ni, ya ce in kawo motar wani sabon titi da ba a buɗe ba a bayan unguwar Yolde Pate. Na ɗauka wani babba ne zai duba shirinmu. Da na isa sai na tarar da motoci jere a gefen titi, manyan mutane zaune a kan bonet ana cin tsire da lemo mai sanyi, kai ka ce garin lafiya lau yake. An ja farin layi a kan kwalta. A bakin layin ga wata a-kori-kura irin tamu ta wani ɗan kwangila abokin mataimaki, can nesa kuma wani yana tsaye a kan kwalbati da jan ƙyalle. Ashe gardama suka yi a kan motar wa ta fi tashi, bayan sun kalli yadda Turawa suke tsere da irin motocin a waya.

Na ce, "Yallaɓai, da kaya a motar, gobe za ta Hong."

Ya ce, "Ni za ka gaya wa gobe? Ni na amince da tafiyar. Kayan ma shi nake so, zai danne mata baya, taya ba za ta zame ba. Kawo makulli."

Na sake cewa akwai marasa lafiya da suke jiran ta. Ya dubi abokansa ya ce direbobin gwamnati sun fi mata kishin mota, aka kwashe da dariya. Ya zare makullin daga hannuna.

Gaskiya ya yi karatun abin a wayarsa, har yana yi wa mutane bayani ta taga. Ya sa agzilari a kan busasshiyar kwalta. Ya ja burkin hannu, ya taka kulochi, ya sa giya, sannan ya danna totur yana riƙe da shi har tobo ta fara fito, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Da aka sauke jan ƙyallen sai ya saki kulochi da burki a lokaci guda. Motar ta durƙusa ta baya, ta yi tsalle ta fita, jarkoki suna karo da juna. Ya riga ɗan kwangilar isa kwalbati. Aka yi ta ihu da tafi, wasu suna ɗauka a waya. Ɗan kwangila ya ce an tashi kafin ƙyalle ya sauka, aka sake, mataimaki ya sake ci. Ina tsaye a rana ina jin ƙaurin kulochi.

A karo na uku ya ce zai nuna musu iyakarta. Ya danna totur har ƙasa, ya daɗe yana riƙe da shi fiye da da. Kuma maganarsa ta tabbata, kaya ya danne baya, taya ba ta zame ba. To ƙarfin da taya ta ƙi zubarwa dole ya nemi wata mafita. Da ya saki kulochi muka ji ƙara kamar an sauke guduma a kan turmin ƙarfe. Farfela, dogon ƙarfen da yake kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ta tsinke a mahaɗarta, ta yi ta dukan ƙarƙashin mota har ta tsaga akwatin agzilari. Motar ta ɗan gangara ta tsaya, mai yana ɗiga a kan sabuwar kwalta.

Mataimaki ya fito yana dariya yana cewa ai dai biyu da ɗaya ne. Ya wurgo mini makulli ya ce, "Hamidu, ka san yadda za ka yi da ita. Kada in ji maganar nan a ofis." Ya shiga motar ɗan kwangila suka tafi.

Na kira Ishaya ya zo da igiya muka ja ta zuwa gareji. Da ya leƙa ƙasa ya daɗe bai fito ba. Ya ce, "Hamma," wato yaya, "wa ya yi ma motan nan haka? Ko a rami aka jefa shi ba zai yi haka ba." Na gaya masa. Ya ɗauki babur ya zagaye duk masu sayar da kayan gyara a Jimeta. Motar sabuwa ce, babu mai kayanta, sai an aika Kano, kuma ba zai iso ba sai tsakiyar mako. Ya dawo ya yi wa farfelar walda, ya liƙe tsagar akwatin da gam, ya cika mai. Da asuba ya ba ni makulli, idanunsa jajur, ya ce, "Na haɗa shi, amma ban yi maka alkawari ba. Zan bi ka." Ranar Lahadi ce, mutumin da bai taɓa fashin coci ba ya hau gefena da akwatin sifanu a cinya.

Mun shiga jerin rakiya a kan lokaci. Mun haye gada, mun wuce Girei, ina lallaɓa ta, har na fara cewa a raina Allah ya rufa asiri. Kafin Song muka ji warin ƙonannen mai, sai gurnani daga ƙasa, sai motar ta cije. Gam ɗin ya saki, mai ya tsiyaye, akwatin ya ƙone. Hafsan da yake jagorantar rakiyar ya tsaya a gefenmu ya leƙo. Na roƙe shi ya ba mu ko rabin sa'a. Ya ce, "Baba, ka san doka. Ba zan tsayar da mutane a hanyar nan saboda mota ɗaya ba." Ban ga laifinsa ba. Muna tsaye muna kallo jerin ya wuce, Ishaya ya zauna a bakin titi ya rufe fuskarsa da hannu.

Da yamma bas ɗin cocin ta dawo cike da tsofaffi. Direbanta ya gaya mini sun bar masu kwanciya, an ce musu sai rakiya ta gaba. Ya ce akwai wani dogon mutum mai karyayyar ƙafa da ya yi ta tambaya ina motar gwamnati, don an aiko masa cewa za ta zo. Kafin rakiya ta gaba 'yan bindigar suka sake shiga ƙauyen, suka ƙone makarantar. Har yau babu wanda ya kawo labarin Buba, ko na rai ko na gawa.

Ranar Litinin mataimaki ya gaya wa darakta cewa hanyar Malkohi ce ta cinye motar, aiki ya yi mata yawa. Darakta ya jinjina mana a kan ƙoƙari. Na je wurin jami'in sufuri na faɗa masa abin da idona ya gani. Ya tashi ya rufe ƙofa ya ce, "Hamidu, kana da iyali. Wa zai tsaya maka?" Babu wanda ya tsaya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba a ma ɓoye abin ba. Hoton tseren ya yi ta yawo a wayoyin ofis, ana nuna wa juna ana dariyar yadda farfela ta tsinke.

Ranar da na koma Malkohi a tsohuwar bas, Hajara ce ta fara yi mini sannu. Ta ce ta ji mota ya lalace mana a hanya, ko wani ya ji ciwo, Allah ya saka mana da alheri a kan wahalar da muke sha saboda su. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan labarin ƙauyen ya iso, wani ma'aikacin sansani ya kunna hoton a wurin girki, ta gani, ta gane motar da katifun da suke samanta. Ta same ni ina sauke buhuna. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Bappa, tsere aka yi da shi?" Na ce e. Ta ce, "To wa ya ci?" Na ce oganmu ne. Ta gyaɗa kai ta koma bakin murhu, domin akwai mutane da suke jiran abinci.

Mataimaki ya zama darakta, ya yi ritaya lafiya. A bikin sallamarsa aka yi ta yabon hidimar da ya yi wa 'yan gudun hijira, ni ma ina cikin masu jera kujeru. Ban yafe masa ba, kuma ban ga ranar da zan yafe ba.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Motar gwamnati kowa yana ganin ba ta da mai ita, shi ya sa babba yake wasa da ita, ƙarami ya yi shiru. Tana da mai ita, shi ne wanda yake jiran ta a ƙarshen hanya. Manya ba sa zuwa can, ba su san fuskarsa ba, ba su san sunan matarsa ba. Ku direbobi ne za ku sani, kuma duk ranar da motar ba ta iso ba, ku za ku tsaya a gaban matar tasa ku ba da amsa.