Ƙirya Uku a Kademi

Shekara shida na yi ina fitar da mujallar masu sana'ar itace daga zauren gidana a Gaya, kuma duk shekarun nan ƙorafina ɗaya ne: ba mai karantawa. Bayan an gama yaƙin basasa na bar aikin gandun daji, na ce bari in yi wa masassaƙa da masu yankan katako da masu gawayi takarda tasu ta kansu. Shafi takwas, sau huɗu a shekara. Ni ne mai rubutu, ni ne mai ɗaukar hoto, ni ne mai hawa keke in rarraba. A birnin Kano ake buga mini, wurin wani mai ɗab'i da bai taɓa cika alkawari ba ko da bisa kuskure.

Wallahi na sha takaici. Sai in yi mako guda ina rubuta yadda ake renon dashen darbejiya, in je kasuwar Ajingi in tarar an naɗe tsire da shi. Wani masassaƙi a can ya taɓa yaba mini mujallar, har na washe baki, sai ya ƙara da cewa takardarta ba ta shan mai kamar ta jarida.

Da shekarun fari suka zo, mutane suka far wa itatuwa da gatari, na yanke shawarar in riƙa yabon waɗanda suka bar manyan bishiyoyi a tsaye. A haka aka ba ni labarin wasu ƙirya guda uku a Kademi. Duk masassaƙi ya san ƙirya. Iccenta ne turmin da ba ya tsagewa, gawayinta maƙera ke nema, 'ya'yanta kuma ana daddawa da su.

Mai su wata tsohuwa ce. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana aure a Balan, kuma da daddawar bishiyoyin nan take ci take sha. Ta kai ni gindinsu, ta gaya mini gonar ta mahaifinsu ce. Da aka raba gado, wanta ya ɗauki ƙasa, ita aka ba ta itatuwan. Daga baya wan ya sayar wa wani ɗan kasuwar Gaya gonar, amma bishiyoyin ba sa cikin cinikin. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ni ma ɗan ƙauye ne, na san gona daban, itacen cikinta daban.

Ina zagaya su da igiyar awo ta ce, "Malam, gonar ba tawa ba ce, amma itatuwan nawa ne. Ka rubuta haka."

Na ce, "To, Inna."

Kuma na rubuta. Amma da na kai Kano, mai ɗab'i ya ce shafin ya cika, sai an rage layi uku. Ina sauri kada motar Gaya ta tashi ta bar ni. Na karɓi alƙalami na soke zancen gadon da hannuna. Abin da ya rage shi ne hoto, da kaurin kowace bishiya, da cewa suna gonar ɗan kasuwa wane, gabas da Kademi, bakin burtali.

Matata ce ta fara ganowa, don ta yi ajin yaƙi da jahilci, kuma ita kaɗai na tabbatar tana karanta ni daga farko har ƙarshe. Ta tambaye ni ina tsohuwar da na ba ta labari ta shiga. Na ce zan gyara a fitowa ta gaba. Ta ce in hau keke in je in shaida wa dagacin Kademi tun yanzu, tunda masu sara nake rarraba wa takardar. Na hau ta da faɗa. Na ce shekara nawa ina wannan wahala, wa ta taɓa gani ya karanta? Ta ci gaba da tankaɗenta.

Gyaran na rubuta shi a ranar, na sa shi a shafin farko. Sai mai ɗab'i ya zauna a kai. Na je, ya ce yana buga kalanda. Na koma, ya ce katin biki ne a kan inji, masu biki kuwa ba sa jira. A zuwa na uku na yi ta zazzaga masa masifa har maƙwabta suka leƙo, shi ko yana ta ba ni haƙuri yana goge hannu da tsumma. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma duk da haka ban je Kademi ba.

Ranar wata kasuwar Ajingi, masassaƙin nan mai zancen tsire ya taro ni da fara'a. Ya ce albishirina, an karanta ni. Wani dillalin itace ya zo daga birni da mujallata a aljihu, ya nemo ɗan kasuwar, sun daidaita, har an ɗebi masassaƙa tun shekaranjiya. Shi a ganinsa daɗi zan ji. Na juya keke ko sallama ban yi masa ba.

Tun daga burtali na hango wurin fayau. Kututture uku, turame a jere ba a gama fafe su ba, rassan kuma an tara an rufe da ƙasa ana gawayi. Tsohuwar ba ta nan, tana Balan wajen 'yarta da ta haihu. Mutanen gari sun yi magana, aka nuna musu mujallata aka ce ai da takarda.

Na samu ɗan kasuwar a Gaya, na ce masa bai ji tsoron Allah ba. Bai ko ɗaga murya ba. Ya jawo mujallata, ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce shi gona ya saya, kuma ga malamin daji da kansa ya rubuta. Ban taɓa jin kunya da haushi irin na ranar ba.

Da ta dawo, dagaci ya tara dattawa, suka shaida itatuwan nata ne. Aka sa ɗan kasuwar ya ba ta ɗan abin da ya ba ta, aka haɗa mata da turmi guda daga cikin nata iccen.

Bayan wata biyu gyaran ya fito. Na kai mata da kaina. Tana zaune a ƙofar ɗaki, sabon turmin na jingine a gefe, ba a taɓa daka komai a ciki ba. Na durƙusa na gaishe ta, na karanta mata cewa ƙiryar nan uku mallakarta ce, gadon mahaifinta. Na roƙe ta gafara.

Ta ce, "Kowa a garin nan ya san haka tun ba a haife ka ba, Malam."

Ta miƙo hannu na ba ta mujallar. Ta shiga ɗaki, ta fito da daddawa uku, ta yage shafin farkon ta naɗe su a ciki, ta miƙo mini.

"Ka kai wa maiɗakinka. Ta bara ce. Ka ce ta yi tattali, babu wata."