Ɗakin Kaji da Ɗakin Kifi

In ka tambayi ’yan Najeriyan da ke zaune a unguwar Al-Oud ta Riyad wane ne Salmanu, za su ce maka, “Mai sanyi?” Haka sunan ya bi shi. Mutumin Gusau ne, ya zo Riyad yana saurayi da takardar koyon gyaran firji, ya yi furfura a ɗakunan sanyi na wani kamfanin ajiye abinci da ke kudancin gari. In injin ɗakin kaji ya tsaya a tsakiyar Yuli, shi ake kira. Bayan aiki kuma, duk wanda mukayyif ɗinsa ya daina sanyaya ɗaki, daga Al-Oud har Batha, lambarsa yake nema. Gajeren mutum ne marar son surutu, sai dai in ka taɓo maganar inji, to ranar ka shiga uku, ba za ka tafi da wuri ba.

Abin dariyar shi ne gidan mai sanyi ya fi na kowa zafi. A ɗakin ɗansa Usaid, ramin bangon da ake dasa mukayyif a toshe yake da katako tun ranar da suka tare. Maƙwabta suna tsokanarsa, wai ya sanyaya rabin Riyad ya bar iyalinsa suna dahuwa. Murmushi kawai yake yi. Waɗanda suka daɗe a unguwar ba sa shiga wannan wasa, don sun san Usaid yana da sikila, kuma sanyi ne ke tayar masa da ciwon. Sun kuma san Hajar.

Hajar ita ce ’yar farin Salmanu da matarsa Turai, ita ma sikila ce. Wani watan Janairu suka bi maƙwabta yawon shan shayi a sahara, iska ta kaɗa da yamma, yarinya ta dawo tana riƙe da ƙirji. Ba ta yi mako ba ta rasu. A makabartar Al-Oud aka binne ta, kuma da yake kaburburan wurin ba su da suna, Salmanu ya daɗe da kasa gane nata. Kullum in zai wuce aiki sai ya rage gudu a jikin katangar, ya yi sallama ga kowa da kowa.

Da irin wannan tsoro aka rene Usaid. Bai san ruwan firji ba. Ba a yi masa wanka sai da ruwan ɗumi, safa kuwa har a masallaci. Ya tashi siriri, mai fararen haƙora da saurin dariya, Larabcinsa ya fi Hausarsa nisa ba kusa ba. A 2017 ya gama karatun kwamfuta, aka yi walima, aka ci shinkafa da rago. Tun kafin a wanke tukwane murnar Salmanu ta ƙare, don ya san abin da ke tafe. Ɗa namiji in ya gama karatu ya kai shekaru, ba ya zama a ƙarƙashin iƙamar ubansa, wato takardar izinin zama. Ko ya samu kamfanin da zai zama kafil ɗinsa, ya tsaya masa a wurin hukuma, ko ya bar ƙasar. Usaid ya yi ta yawon neman aiki, ko’ina amsa ɗaya: gurbin na ’yan ƙasa ne.

Gusau fa? Sau ɗaya aka kai shi yana ƙarami, zazzaɓin cizon sauro ya kusa tafiya da shi, Turai ta rantse ba za ta sake ba. Abin da ya rage shi ne jami’o’i biyu na Kanada da suka ba shi gurbin ƙaro karatu, ɗaya a Halifax, ɗaya a Winnipeg. Duka garuruwan ƙanƙara ne.

Da Usaid ya nuna masa yanayin garuruwan a waya, Salmanu bai ga gari ba, wurin aikinsa ya gani.

“Wannan Halifax ɗin, in ya yi tsanani, ɗakin kaji ne,” in ji shi. “Winnipeg kuwa ɗakin kifi ne. Mu da muke da lafiya ba ma daɗewa a ɗakin kifi.”

“Baba, Anti Jamilatu tana Winnipeg.”

Jamilatu ƙawar Turai ce, nas, ta yi shekaru tana aiki a Riyad kafin ta koma can. Ita ta sha saka wa Usaid ruwa a hannu yana yaro. Salmanu ya ce Jamilatu ba bargo ba ce. Ya kafe a kan Halifax, Usaid kuwa bai yarda ba.

Salmanu yana da wata ƙa’ida a sana’arsa, ba ya miƙa inji ga mai shi sai ya kunna ya gwada. Bai yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali ba, balle abin da waya ta faɗa. Kwana da kwanaki yana juya maganar, tsoro na cin sa, har dabara ta faɗo masa, kuma wallahi a lokacin gani ya yi babu mai hankali kamarsa. Ga sanyin Kanada nan a hannunsa, da makulli. Me zai hana a gwada, shi yana tsaye a gefe, ƙofa na kusa? Ya je Batha ya sayo jibgegiyar riga mai gashi a wuya, da hula, da safar hannu. Bai gaya wa Turai ba, don ya san abin da za ta ce.

Ranar Juma’a bayan la’asar suka tafi kamfanin shi da Usaid, ba kowa sai mai gadi. Gari na ci kamar tanda. Usaid ya saka kayan tun a tsakar wurin, kafin su kai ƙofa ya jiƙe sharkaf da gumi. Salmanu, wanda ya sha yi wa leburori faɗa a kan shiga sanyi da jiƙaƙƙiyar riga, bai lura ba. Idonsa na kan agogon injin.

Suka shiga ɗakin kaji. Usaid ya hura iska, ya ga hayaƙi na fita daga bakinsa, ya fashe da dariya kamar yaro.

“Wallah Baba, daɗi.”

“Ƙafarka fa? Bayanka?”

“Lafiya lau. Mu je na kifin.”

“A’a.”

“Ai shi muka zo gwadawa. In na iya shi, khalas, magana ta ƙare.”

Salmanu ya buɗe. A ransa yana fata yaron ya ji azabar da za ta sa ya janye da kansa. Ba su daɗe ba ya ja shi waje. A mota Usaid yana ta labari, sai labarin ya fara raguwa. Suna daf da katangar makabarta ya dafe ƙugunsa, ya kira uban da kalmar da ba ya faɗa sai ciwo ya kama shi, kalmar yaran Riyad.

“Yuba.”

Salmanu ya ƙara gudu. Bai tsaya gida ba, asibiti ya wuce.

Ciwon ya hau daga ƙugu zuwa ƙirji, hanyar da ya bi da Hajar. Aka saka masa iska a hanci, aka ƙara masa jini. Da Turai ta iso ta ga rigar mai gashi a kan kujera, ba ta buƙaci bayani ba. Ba ta ɗaga murya ba.

“Malam,” ta ce, “ɗana ka gwada, ko kwampreson firji?”

Kwanakin nan Salmanu bai je aiki ba, bai iya cin abinci ba. Duk nas ɗin da ta fito da sauri sai gabansa ya faɗi. Tsoro yake ji, kuma a wannan karon ba iskar sahara zai zarga ba.

Allah ya taƙaita. Wata safiya aka cire iskar, Usaid ya zauna ya sha shayi. Turai ta fita karɓo magani, aka bar su su biyu.

“Baba, Winnipeg zan je.”

“Bayan abin da ka gani?”

“Ciwon nan ko’ina zai same ni. A Riyad ya samu Yaya Hajar. Ni dai in ya zo, ina so a samu wanda ya san fuskata. A Halifax wa zan kira?”

Salmanu ya sunkuyar da kai. Akwai tambayar da ta daɗe tana hana shi barci, wadda bai taɓa faɗa wa ko Turai ba. Bai yi niyyar furta ta ba, kawai sai ya ji ta fito.

“Can ɗin, in ƙasa ta daskare, yaya suke haƙa...”

Ya haɗiye sauran. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Usaid kuwa ko gezau bai yi ba, ya ajiye kofin a hankali.

“Da inji suke haƙawa, Baba. Kuma Musulmi suna da wurinsu, ana saka suna. Na riga na tambaya. Ita ce tambayar da na fara yi wa Anti.”

Salmanu ya dube shi. Shekara da shekaru yana toshe bango, yana ɗumama ruwa, yana ɓoye wa yaron nan abin da yake tsoro, ashe yaron ya riga shi zuwa wurin, shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Ya tashi ya shiga banɗaki, ya sake famfo don kada a ji shi.

A ƙarshen Agusta Usaid ya tafi, da rigar mai gashi a hannu. Turai ta mayar da ɗakinsa wurin ɗinki, ta ce yanzu kam sai a dasa mata mukayyif, ta gaji da gumi. Salmanu ya kawo sabo fil, ya ajiye a bakin ƙofa. Kullum da safe, in ya rage gudu a jikin katangar makabarta ya yi sallama, sai ya ciro waya ya duba a wane ɗaki Winnipeg ta kwana. Mukayyif ɗin yana nan a kwalinsa. Duk lokacin da Turai ta yi maganar cire katakon, sai ya ce ta bari tukuna, yaron zai iya dawowa hutu.