Mai Tufkar Igiya a Bayan Bidiyona

A cikin duk abubuwan da suka same ni a shekarun da na yi ina yawo da waya ina ɗaukar bidiyo, akwai guda ɗaya da na san har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba. Ba abin dariya ba ne, ba kuma abin da zan yi alfahari da shi ba. 

Lokacin na gama difloma na dawo gida Daura, aiki bai samu ba. Da safe in zauna wa yayana a shagonsa na cajin waya, da yamma kuma ni da wani abokina mu hau abin da muke kira sana'armu. Abokin nan nawa ɗan wani ɗan ƙabilar Ibo ne mai sayar da kayan gyaran babur. A Daura aka haife shi, in ka ji Hausarsa daga bayan katanga ba za ka taɓa cewa ba ɗan gari ba ne. Shi ke riƙe waya, shi ke yankewa ya haɗa, ni kuma nake tsayawa a gaba ina zuba. Wani lokaci mu ɗauki kanmu muna buga gem ɗin ƙwallo a waya muna tsokanar juna, wani lokaci mu hau babur mu tafi Sandamu ko Dutsi ko wata kasuwar ƙauye, mu nuna wa mutane abin da ake ciki, mu ɗora a shafinmu.

Gaskiyar magana, a lokacin da wannan abu ya faru mun riga mun gaji. Mutum ya wuni cikin rana, ya ƙona mai, ya ƙona data, ya ɗora, sannan ya leƙa ya tarar masu kallon duk fuskokin da ya sani ne, 'yan uwa da abokan makaranta. Mahaifiyata ta daina tambayata yaushe abin zai fara kawo wani abu, kuma shirun nata ya fi tambayar damuna. Abokina ma ya fara maganar zai koma shagon babansa gaba ɗaya. Tafiyar da muka yi kasuwar garin Babban Mutum cikin bazarar nan, kusan ta ban kwana ce. Muka shiga kara, wurin da ake cinikin dabbobi, na tsaya gaban wani ƙaton bijimi na yi surutuna, zufa na shiga min ido. Muka dawo, muka ɗora, ban ma sake kallonsa ba.

Bayan 'yan kwanaki wata mata ta turo min saƙo. Ta ce daga Zariya take, ƙanin mijinta ne ke kallon bidiyon ta leƙa. Ta roƙe ni in duba daidai inda nake nuna bijimin, a bayana ta hagu akwai wani dattijo zaune a ƙarƙashin rumfa yana tufka igiya. Na duba. Yana nan kuwa, ya ɗago kai sau ɗaya ya kalli wajenmu ya mayar. Ni da na tsaya a wurin ban san da shi ba. Ta ce wannan mahaifinta ne, ta gane shi da tabon da ke goshinsa da yadda yake karkatar da wuya in yana aiki.

Da farko na ɗauka irin masu wasa da hankalin mutane ne a intanet, sai da ta kira ni muka yi magana. Ta ce direban babbar mota ne a da, kuma babban ɗansa, wato yayanta, shi ne yaron motarsa. Wata rana suka yi hatsari, shi ya tashi da rauni a goshi, ɗan ya rasu a wurin. Bayan an yi sadakar arba'in ya fita kamar zai je masallaci, bai dawo ba. Ita tana firamare a lokacin, yanzu ga ta da aure har da goyo. Sun nema har sun haƙura, wasu a dangi ma addu'ar mamaci suke yi masa. Ta ce ba ta son ta tayar da hankalin kowa a kan fuskar da ta gani a waya, in taimaka in je in tabbatar mata, kuma don Allah kada in ɗora komai a kan maganar.

Da na gaya wa abokina, idonsa ya yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Ya ce wannan shi ne labarin da muke jira, uba da 'ya su haɗu a gaban wayarmu, duk ƙasar nan sai ta kalla. Ba zan ɓoye ba, ni ma tunanin ya zo min. Amma matar ta riga ta roƙa, muryarta kuma tana kunnena. Muka ɗan yi musu, daga baya ya ce shi ke nan, zai kai ni a babur, wayarsa za ta zauna a aljihu.

Ranar kasuwa ta zagayo muka koma. Rana ta ƙwalle, hanya ta jijjiga mu har ƙashin bayana ya yi tsami. Muka same shi a inda yake, ya tara tsofaffin buhuna a gefe yana warware zarensu yana murzawa a cinya. Abokina ya tsaya can wajen mai shayi, ni na je na durƙusa na gaishe shi. Da ya amsa na ji harshensa ba na wajenmu ba ne. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce masa akwai wadda ta gan shi a bidiyona, daga Zariya. Hannunsa ya tsaya cak.

Ya ce, "Yaro, wa ya ba ka izinin ɗaukata?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba kai na ɗauka ba. Bijimin da ke can nake ɗauka."

Ya ce, "To ga shi ni ka kamo."

Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Na ce masa ta ba ni saƙon murya, in ya yarda in kunna, in bai yarda ba in tashi in tafi. Ya daɗe yana kallon buhunan nan, sannan ya miƙo hannu. Na kara masa wayar a kunne saboda hayaniyar kara. Na riga na san abin da ke ciki. Ta fara da sunan da yake kiranta da shi tana ƙarama, ta ce babu wanda ke riƙe da shi a zuciya, kowa ya san ƙaddara ce, ta ce ta haifi namiji kuma sunansa aka sa wa yaron. Da saƙon ya ƙare bai cire wayar daga kunnensa ba, sai da na taɓa hannunsa.

Ya yi min magana a hankali, idonsa a ƙasa. Ya ce shi ma ya san ƙaddara ce, ya ji daga bakin malamai kuma ya yarda, amma sanin bai hana shi ganin fuskar ɗan nasa da ya rasu ba duk lokacin da ya kalli uwarsa. Ya ce ya yi ta ƙoƙarin zama a gidan, numfashi ne ya gagare shi. Sannan ya tambaye ni ko uwar tana raye. A nan na ji da ma ban zo ba, don matar ta gaya min, kuma ba ni da hanyar kaucewa. Na ce tana raye, amma bayan an daɗe ana jira alƙali ya raba auren, ta yi wani. Na zaci abin zai buge shi. Sai ya gyaɗa kai ya ce alhamdu lillahi, abin da ya fi hana shi barci ke nan, kada a ce tana zaune tana jiransa.

Na tambaye shi ko in kira 'yar su gaisa. Ya ce a'a, ba zai iya ba, amma in ɗauke shi kamar yadda na ɗauki bijimin, in tura mata ita kaɗai. Ya gyara hularsa, ya kakkaɓe zaren buhu daga rigarsa. Na ɗaga wayar na fara ɗauka. Bai yi doguwar magana ba. Ya kira ta da sunan nan, ya ce yana lafiya, yana sallah, yana cin abinci, ya sa mata albarka ita da mijinta da takwaransa, ya ce ta yafe masa. Da na sauke wayar ya ce kada in gaya mata inda yake. Na ce masa sunan garin yana rubuce a saman bidiyon farko, ta riga ta sani. Ya ce, "Haka ne," ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da murzawa. A lokacin ban fahimci abin da wannan "haka ne" ke nufi ba, yanzu ne da na ƙara shekaru nake ganin a fili yake.

Na tura mata tun muna hanya. Ta kira tana kuka, ta ce suna tafe ita da mijinta. Na ce mata ya ce ba ya son a zo, ta ce Malam, in kai ne za ka zauna? 

Bayan 'yan kwanaki suka iso Daura a motar wani abokin mijin, da jaririn a bayanta, duk sun yi laushi da tafiya. Na shiga na nuna musu hanya. Da muka isa, rumfar tana nan, dutsen da yake zama a kai yana nan, babu buhu ko ɗaya. Mai shayin ya gane ni, ya taso ya ce washegarin zuwanmu dattijon ya tattara kayansa ya bi wasu fataken shanu da za su tsallaka Nijar, bai faɗi garin da ya nufa ba. Mijin ya juyo kaina da faɗa, ya ce da ban riga su zuwa na firgita shi ba da sun same shi a zaune. Ni kaina ban san ko gaskiyarsa ce ba. Ita kuwa ta je ta zauna a kan dutsen nan, ta kwanto yaron ta rungume.

Sai mai shayin ya zagaya bayan teburinsa ya jawo wata 'yar tunkiya fara, ɗaure da sabuwar igiya. Ya ce dattijon ya bar ta a hannunsa, ya ce wata mata za ta zo da yaro, a ba yaron, ta takwaransa ce. Matar ta kama igiyar tana shafawa da yatsa, ta ce, "Ashe ya san zan zo." Mijin ma faɗan ya mutu a bakinsa. Haka muka dawo, tunkiya na kuka a bayan mota har Daura. Da suka sauke ni ta yi min godiya, ni kuwa ban san ko na cancance ta ba.

A ranar na sauke bidiyon daga shafin. Ni da abokina muka ɗan ƙara yin na gem, amma ba ɗanɗano, ko tsokanar ma ta daina fitowa. Ya koma shagon babansa, ni ma daga baya na samu koyarwa a wata makaranta. Har yau muna tare, in an haɗu a buga ƙwallon a waya, ba tare da an ɗauka ba. Matar takan gaishe ni lokaci-lokaci. Ta ce wani lokaci baƙuwar lamba ta Nijar takan shigo mata, ashe lambarta da ta bar wa mai shayin ce dattijon ya aika aka karɓo masa. Yakan gaishe ta, ya tambayi takwara, ya kashe kafin ta tambaye shi inda yake. Har yanzu ba su ga juna ba.

Na sha tambayar kaina ko alheri na yi wa mutanen nan ko akasinsa. Ita ta san ubanta na raye, shi kuma na tashe shi daga ɗan wurin da ya samu ya fake, ya sake shiga duniya da tsufansa. Ban samu amsa ba, na kuma gaji da nema. Abin da dai na koya shi ne, duk wanda ka gani zaune a gefen hanya yana da dalilin zamansa a nan, kuma ba kowane ɓatacce ne ke son a gano shi ba. Kafin ka ɗaga waya a cikin mutane, ka duba waɗanda ke bayanka, ka nemi yardarsu, don ba ka san abin da wani ya gudo ya bari ba.